Lorene Haskell da Hannun da Ya Saba da Sama

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya Lorene Haskell a shekarar 1957 a garin Alpine da ke yammacin jihar Texas ta Amurka. Mahaifinta Virgil mai haƙa wa makiyaya rijiyoyi ne, mahaifiyarta Nadine kuma malamar firamare. Ta taso da yawan tunani, har akan aike ta shanya a tarar da ita tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu tana kallon gajimare.

Ilimi, Aure da Aiki

Ta kammala karatun injiniya a 1979, ta auri Emmett Boudreau, makanikin jiragen ruwa, a 1983, Allah ya azurta su da Corinne da Wade. A 1992 aka ɗauke ta cikin 'yan sama jannati, iyalin suka tare a Houston kusa da mu, muka zama maƙwabta kuma aminai.

Zamanta a Sama

A shekarar 2008 ta yi wata shida a tashar sararin samaniya da ke kewaya duniya, inda babu abin da ke da nauyi, ka saki cokali ya tsaya yana jiranka. Takan ce barcinta a can tamkar kwanciya ne a kan ruwa, kuma idan ta rufe ido wani haske yakan gifta mata. Amma fa jiki ne ya biya: jini ya taru mata a ka, ganinta ya raunana, ƙasusuwanta suka zaizaye, har da ta sauko a kujera aka ɗauke ta.

Kowane ɗan sama jannati yakan dawo da hannun da ke sakin abu a iska. Emmett yana share fasassun kofuna yana cewa, "Baiwar Allah, nan Texas ne, abu faɗuwa yake! Sai kin ƙarar mana da kofuna tukuna?" Ita kuma ta ce, "To ka sayo na roba mana, tsohon marowaci."

A cikin waɗannan kwanaki Corinne ta kawo mata jikarta ta fari, Delphine. Lorene na zaune riƙe da jaririyar wayarta ta yi ƙara, ta buɗe hannuwa ta juya, da yaƙinin yarinyar za ta tsaya a iska. Allah ya kiyaye, a kan matashin kujera ta faɗa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma Lorene ba ta sake ɗaukar yaro ba.

Shekarun Ritaya

Ta ajiye aiki a 2012 ta koma Alpine. Likitoci sun tabbatar mata tun tuni hannunta ya dawo daidai, amma ina! Kan nan nata ya fi dutse tauri. Jikoki suka girma a gabanta tana ɓoye hannuwa a aljihu, abin yana cin Corinne a rai, mu ma yana cin mu.

A 2023 ta zame a ƙofar kicin, ƙugun da sama ta zaizaye ya karye. Tana kwance a asibiti Corinne ta shigo da Amos, jaririn Wade, ta ɗora mata shi a ƙirji ba tare da neman izini ba.

"Ɗauke shi, Corinne, zan sake shi."

"Ki sake shi mana, Mama. Ina zai je? A kanki yake."

A hankali hannuwanta suka zagaye shi. "Kai," in ji ta, hawaye na gangara mata cikin kunne, "ashe haka suke da nauyi. Ku bar min shi."

Rasuwa

Ta rasu a watan Oktoba na wannan shekarar tana da shekara sittin da shida, aka yi jana'izarta a cocin garin, aka binne ta kusa da iyayenta. Ta bar mijinta Emmett, da 'ya'ya biyu, Corinne da Wade, da jikoki huɗu: Delphine, Rhett, Maribel, da Amos, wanda shi kaɗai ya taɓa yin barci a hannunta.