Ranar da Daskararriyar Miya Ta Ceci Dajin Teku

Na sha ganin abubuwa a harkar kifi da kaji, amma akwai wata Juma'a da har in mutu ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin gwamnatin Birtaniya na ta tsuke bakin aljihu, ni kuma ina unguwar Longsight ta Manchester da motata mai firji, ina raba kaya shaguna daga Manchester har Birmingham. Sai wata ɗaliba, 'yar wani abokina, ta zo ta same ni. Bincikenta a kan wata doguwar ciyawa ce da ke yin daji a ƙarƙashin teku, inda kifi ke ɓuya ya hayayyafa. Ruwan gaɓar kudu ya ɗumama, dajin ya ƙare. Ta daɗe tana renon 'ya'yan ciyawar a jikin igiya cikin bokitai, lokacin dasawa ya yi, amma an yanke kuɗin hayar mota.

Na leƙa bokitin na ce, "Wannan gansakukar? Nawa ake sayar da kilo?"

"Kawu, ba ta sayarwa ba ce. Amma in babu ita, kai ma wata rana ba ka da abin sayarwa."

Nan ta kama ni, na yarda in kai mata su gaɓar kudu. Sharaɗinta ɗaya, kada ruwan ya yi ɗumi, in ya yi sun mutu, karatunta ya bi su.

Muna dab da Birmingham, rana ta take, firjin motar ya yi tari ya yi shiru. Yarinya ta tsoma hannu a bokiti, idonta ya kawo ruwa. Ni ban san ilimin teku ba, amma na san wanda ke da firiza a unguwar Small Heath ta Birmingham, gida gida. Na karya kan mota, muka isa daidai an sallame Juma'a. Na tsaya a bakin masallaci na yi shelar neman ƙanƙara.

Wani likita ya ce, "Alhaji, yau ciyawa ka koma yi wa bara?"

"Ciyawa mai digiri ce. Je ka buɗe firizarka."

Ƙanƙarar shaguna ba ta isa ba, sai gidaje suka fito. Kaji, ƙafar saniya, alayyafo, duk a daskare, muna jerawa a gefen bokitai. Wata Hajiya ta aiko da robobin miyar kuka da taushe masu tauri kamar dutse, ta biyo su da kanta tana cewa, "Miyar na yafe, amma robobina su dawo!"

Haka muka kama hanya, kowane bokiti da dogarinsa. Da muka isa gaɓa, Baturen da zai shiga ruwa da igiyoyin ya ɗaga roba ɗaya ya tambayi wane sinadari ne wannan. Ɗalibar ta gwada ruwan, ta dube ni, ta fashe da dariya har da hawaye. Da sanyinsa. A ranar aka dasa su.

Da bazara ta zagayo ta nuna mini hoton ƙarƙashin ruwa. Ganye ya fi ni tsawo, ƙananan kifi na ratsawa.

Da ina ɗauka jarina mota ce da kaya. Tun ranar na gane babban jarin ɗan kasuwa shi ne mutanen da zai kira da rana tsaka, su kwashe abincin gidansu su ba shi, tun ba su gama fahimtar dalili ba.