"Cin Jan" Da Ya Kusa Rufe Mini Rumfar Tuwo

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har in riƙa neman carbin da ke rataye a wuyana, akwai abu ɗaya da ba zai kwasa ba: tafiyata ta farko birnin Gwanzu na ƙasar Sin, da abin da ya biyo bayanta a nan Agege. Lokacin shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki. Wayar hannu ta fara shigowa Legas, mai ita sai ya tsaya tsakiyar titi yana ihu a cikinta don kowa ya shaida.

A lokacin rumfar tuwo nake da ita kusa da layin dogo. Da ita na riƙe 'ya'yana tun rasuwar ubansu. Mahauta, 'yan okada, masu gadin da suka taso daga Ikeja, duk a bencina suke zama, kuma kafin La'asar an kankare tukunya. A gefe ina sayar da kuloli da farantan da nake sarowa a Idumota. Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, ana ta yi mini dariya wai gemai-gemai da fensir, ni da ba ni da gemu. Tun da idona ya buɗe sai na kamu da wata cuta: duk abin da na ɗauka sai na juya gindinsa na karanta. Kowace kula na juya, sunan ƙasa ɗaya nake gani. Na ce to, me zai hana in je inda ake ƙera su?

Akwai wani Alhaji a unguwarmu da ya je can sau uku, muna ce masa Madugu, don shi ke jan 'yan kasuwa. Da ƙyar ya yarda in bi su, shi da wasu maza uku. Sannan ya zaunar da ni ya karanto mini dokoki.

"Hajiya, can fa ba Makka ba ne. Ki ɗauki gari da ƙuli-ƙuli da kilishi. Daga otal sai kasuwa, daga kasuwa sai otal. Mutanen nan duk abin da ke motsi ci suke yi, in ban da mota."

Na ce, "Alhaji, sau uku ka je. Me ka gani a garin?"

Ya ce, "Kaya na gani. Kallo ne ya kai ni?"

Amma cikin masu cin tuwona akwai wani tsoho ɗan Sin, mai gyaran injuna a wata masana'antar roba a Ilupeju. Musulmi ne, da 'yar farar hularsa, duk Juma'a a masallacinmu yake sallah, daga nan ya zo ya sa hannu cikin miyar kuka kamar haifaffen Zango. Baba Ɗan Sin muke ce masa. Da Turancin buroka da 'yar Hausarsa ta tsinta na gaya masa abin da Madugu ya ce. Ya yi dariya har da tari. Ya karɓi littafina na makaranta, ya buɗe bayansa, ya yi mini zane uku irin rubutunsu.

Na farko kamar tsani ne da ɗigon ruwa uku a gefensa. Na biyu ma tsani ne, amma a tsaye bisa ƙafa biyu. Ya ce waɗannan biyun tare ake karanta su: "Cin jan."

Na ce, "Cin jan me, Baba? Nama?"

Ya ce, "A'a, Mama. Cin jan, halal. Kin gani a ƙofa, ki shiga ki ci."

Na ukun kuwa wata ƙugiya ce a karkace, da ɗan akwati a gefenta ta ƙasa. Ya ɗora yatsa a kai, ya girgiza kai, ya ce, "Alade." Kwana uku ina kwaikwayon zanen nan a kan tsofaffin takardu, sai da hannuna ya haddace su. Abin da hannu ya rubuta, ido ba ya ɓata shi a taro.

Gwanzu gari ne da ya sa na ji kunyar yadda muke kuri da Legas. Gada bisa gada, kekuna kamar fara, zafi kuwa irin namu mai manne wa mutum riga a baya. Ranar da muka sauka, mazan suka shiga wani kanti a ƙasan otal suka sayo taliyar nan ta cikin kofi, wadda ake zuba wa ruwan zafi. Madugu ya ce ta kaza ce, kullum ita yake ci in ya zo. Suka ci, suka aiko mini da ɗaya. Cutar tawa ta motsa, na juya kofin. A kan murfinsa, cikin jan rubutu, ga ƙugiya ga akwati. Na ɗauko littafi na gwada. Na goge ido na sake gwadawa. Shi ne.

Ban yi magana a gaban mutanensa ba. Na jira shi a baranda shi kaɗai, na nuna masa murfin da littafin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu 'yar yaƙi da jahilci ce za ta koya mini Sinanci?" Ya juya ya tafi. Amma da gari ya waye sai na ji yana gaya wa sauran wai taliyar tana ɓata masa ciki, a koma shan gari. Na ce a raina, to, ya gane, Allah ya rufa asiri. Na sa murfin cikin jakata, na manta da shi.

Ranar Juma'a na ce ni dai ba zan tsallako duniya don in sha gari a ɗaki ba. Na karɓi katin otal a wurin matar da ke kanta, don in na ɓata in nuna wa direba. Na nuna mata zanena biyu, na ɗaga hannu kamar mai kabbara. Ta rubuta wani abu a takarda ta ba mai tasi.

Jama'a, masallaci ya kai ni. Tsoho tukuf, rufinsa irin na gidajensu mai lanƙwasassun baki, ga wata doguwar hasumiya mulmulalliya kamar rumbun da aka manta a daina ginawa. Tsofaffi da fararen huluna suna ta shiga. Wata gyatuma ta ja hannuna ta kai ni wurin mata, ta matsa mini a sahu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma da liman ya ja Fatiha tare muka ce amin. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba.

Da aka idar, ita ce ta kai ni wani gidan abinci mai koren allo. Ga tsani mai ɗigon ruwa, ga tsani mai ƙafa biyu, ga kuma Larabci a samansu. Ni da kaina na karanta, ba wanda ya karanta mini. A ciki wani mutum yana jan kwaɓin fulawa da hannu, yana kaɗa shi kamar igiyar guga har ya zama taliya siriri-siriri. Ga tsiren rago irin namu sak, ƙuli ne kawai babu. Aka ba ni 'yan sanduna biyu in ci da su, na yi ta fama har na gaji, na soke su a tsaye cikin shinkafa. Matar gidan ta zo a guje ta cire su, ta yi mini alamar wai sai a wurin mamaci ake yin haka. Na ba ta haƙuri, na wanke hannu na ci abina da yatsu biyar, suna ta dariya ina tayawa. Kafin in tafi, mijinta ya ga littafina, ya ɗauko wani alƙalami mai gashi ya rubuta mini Bisimilla a ƙarƙashin zanen.

Daga ranar, in mun gama da kasuwa sai in fice. Duk unguwar da na shiga sai in tari mai farar hula ko mace mai ɗankwali in ce, "Cin jan? Cin jan?" a nuna mini hanya. Har jirgin ruwa na shiga bayan Magariba, na ga fitilun garin suna rawa a kan kogi. Sau biyu ina kawo wa mazan tsire, Madugu yana cewa wa ya san naman mene ne. Ni na cinye abina.

Mun dawo da mako guda na fara ganin canji. Tukunyar da ake kankarewa kafin La'asar ta koma kwana da rabi. Wani mahauci da ya shekara goma yana ci a wurina ya wuce ni ko kallo babu. Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai sayar da burodi, ita ta fasa mini ƙwan.

"Hajiya, ba ki ji ba? Wai kin ci elede, wato alade, a can. Oga Madugu ne ya faɗa a teburin mai shayi. Wai kina yawo ke kaɗai a titi kina kiran cin jan nama, kuma wai a ƙasarsu ba jan nama sai na alade."

Nan take na gane komai. Tsoro yake kada in ba da labarin kofi, shi ne ya riga ni fesawa, don duk abin da na faɗa daga baya a ce ramuwa ce. Ni kuwa wallahi ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Mai sayar da abinci in aka ce bakinta ya taɓa alade, ai ta gama. Wa zai ci daga hannunta?

Yayata ta zo daga Idi-Araba ta ce in je in ba shi haƙuri, babban mutum ne, ya janye maganar a hankali. Na ce, "Yaya, haƙurin me? Na ba shi haƙuri don na iya karatu?" Ta ce to in ɗauki Alƙur'ani in rantse. Na ce Alƙur'ani ya fi ƙarfin gulmar teburin shayi.

Juma'ar da ta zagayo, bayan an sauko, na tafi zauren Liman da littafina, Baba Ɗan Sin yana biye da ni. Na roƙi Liman a kira Madugu. Ya zo da babbar riga da mutanensa, zaure ya cika har waje.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, an ce na ci alade. Ga abin da nake kira a titi, ga wanda ya koya mini."

Liman ya karɓi littafin, ya juya shi dama da hagu, don Bisimillar tasu tana da wasu irin wutsiyoyi. Da ya gano ta sai ya yi murmushi, ya karanta a fili. Baba ya nuna zanen biyu ya ce, "Cin jan. Halal. Abincin Musulmi." Liman ya san shi a sahun gaba shekara da shekaru, bai tambaye shi sau biyu ba.

Madugu ya gyara riga ya ce, "Malam, ai Bisimilla ko'ina ana iya rubuta ta. Mace ita kaɗai a garin da ba ta jin yare, da 'yar bokon da ta tsinta jiya, ina ta san abin da aka zuba mata?"

Wasu suka gyaɗa kai. Na sa hannu cikin jaka, na kama murfin kofin nan, amma ban fito da shi ba.

Na ce, "Malam, zane uku ne a littafin nan, biyu aka karanta. Na ukun ina da wata takarda a jaka mai irinsa. Alhaji, in fito da ita, ko ka tuna?"

Na ga gumi ya tsatso masa ta ƙarƙashin hula. Ya kalli jakata, ya kalli mazan nan uku na tafiyarmu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Can ya ce a hankali, "Malam, ina jin kuskuren ji ne."

Na ce, "Ɗaga murya, Alhaji. A teburin shayi ba raɗa ka yi ba."

Ya ɗaga. Ya ce ban ci komai ba sai halal, shi ne ya yi mini ƙage. Liman ya ce in yafe. Na ce na yafe, amma da sharaɗi: gobe da azahar ya zo ya zauna a bencina na gaba, wanda ke kallon titi, ya ci tuwo. Ya zo kuwa. Na zuba masa da kaina, na ɗora tsoka biyu a sama, na ce, "Ga jan nama, Alhaji. Na saniya ne, na karanta." Kafin ya gama wanke hannu, mahaucin nan ya zauna kusa da shi yana sosa ƙeya.

An sha tambayata me ke cikin jakar. Ban nuna ba, don akwai bayin Allah uku da suka ci a kan rashin sani, da iyalansu da mutuncinsu, kuma na riga na ɗanɗana abin da bakin unguwa ke yi wa mutum. Ba zan ƙona kasuwa don ɓera ɗaya ba. Yanzu ma da nake faɗa, sai da ƙasa ta rufe idon waɗanda abin zai dama.

Sunan dai ya bi ni, har yau Hajiya Cin Jan ake ce mini. Ban tsaya jin haushi ba, na sayi koren fenti na zana tsanin nan biyu a allon rumfata da hannuna. Yaran yanzu masu zuwa Sin da Biyetnam in sun zo neman shawara, abin da nake gaya musu bai da yawa: ku riƙe katin otal, ku nemi masallaci, masu masallaci za su nuna muku inda ake ci, ku fita ku ga gari. Sannan komai aka miƙo muku, ku juya gindinsa ku karanta. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Wanda ya kulle kansa a ɗaki don tsoron haram, a ɗakin ta same shi. Ni da aka ce 'yar bokona ta jiya ce, zane uku na sani a duk rubutun ƙasar Sin, su suka ciyar da ni a can, su suka tsare mini tukunyata a nan.