Lissafi a Bayan Tiren Asibiti

Inna Tela ba ta tsoron mutuwa kamar yadda take tsoron abin da ta gani a idon surukinta. Tsohon ya yi shekaru kwance a ɗakin kusa da ƙofa, ido buɗe, a ba shi ya ci, a juya shi ya juyu, amma ka leƙa cikin idon nan ba kowa a ciki. Ita ta yi jinyarsa tun tana da ƙuruciya, ita ke wanke masa zannuwa, har ya rasu bai san wace ce ita ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa duk ranar da maigidanta ya manta inda ya ajiye makulli sai gabanta ya faɗi, ta bi shi da kallo har ya tsargu.

Maigidan nan shi ne Baba Saura, mai karanta mitar ruwa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya bi gida-gida da tocila da ɗan ƙarfen ɗaga murfi, ya durƙusa, ya share laka daga gilashin mita da babban yatsa, ya karanta lambobi, karnuka na yi masa haushi. Mutum ne mai sanyi, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Cutarsa ɗaya ce, lissafi. Kuma ba irin na kasuwa ba. Rabawa ce ta haruffa: a ba ka dogon layi mai x a ciki, x ɗin nan kuwa ba wanda ya san ko nawa ce, a ce ka raba shi da wani gajeren layi, ka faɗi abin da ya rage. Mai hankali zai ce, to in ka faɗa sai me? Sai ba komai. Amma shi tun yana sakandare abin ya shige masa rai, kuma bai fita ba. Yana tsinto tambayoyin a shafin baya na jaridar ƙarshen mako da tsofaffin littattafan da ake bazawa a bakin titi, in sun ƙare ya ƙirƙiri nasa. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji "to, saura nawa?" Daga nan sunan ya bi shi, har na yanka ya ɓace.

Teburin da Inna Tela ke yanka yadi shi ne allonsa, allin ɗinkinta kuwa shi ne alƙalaminsa. In ya dawo aiki sai ya ture almakashi da tef gefe ya hau rubutu.

"Malam, allina fa saye nake yi," in ji ta.

"Zan goge miki teburin, Tela."

"Ba tebur na ce ba, alli na ce."

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun tana mita har ta fara leƙawa, tun tana leƙawa har ta fara gardama. Ya koya mata doguwar hanya, wadda ake bi daki-daki kamar rabawar 'yan firamare, a raba, a ninka, a ɗebe, a sauko da na gaba. Sannan ya nuna mata ta yanke.

"Dubi abin da za ki raba da shi, ki tambayi kanki wace lamba ce za ta mayar da shi sifili. In x − 2 ne, ai biyu ce. Ɗauki biyun nan ki zuba duk inda kika ga x a dogon layin. Abin da ya fito, shi ne saura. Amma in x + 2 ne, to ba biyu ba ce, biyu ce ta ƙasan sifili. Sai kin juya alamar. Kin ji? Juyawa ake yi."

Ta ji. Ta kuma manta. Shekara da shekaru mace mai iya duban mutum sau ɗaya ta yanka masa riga daidai jikinsa, amma juya alamar nan ya gagare ta. Abin da idonta ya gani shi take zubawa. Da yake keken ɗinki ba ya barin a ji magana, sai wasan nasu ya koma na hannu. Shi ya rubuta mata, ita ta ɗaga yatsu ba tare da ta tsayar da keke ba. In ita ta rubuta masa, sai ya ƙwanƙwasa amsar a kan tebur da yatsa. In kuwa ta sake kuskuren nata, ba ya cewa uffan, sai ya ɗora tafin hannunsa a kife, ya juya shi ya kalli sama, yana wani murmushi. Ba abin da ke ƙona mata rai kamar juyin hannun nan. Ta sha cewa wata rana sai ta ɗinke shi da teburin.

Wata safiya ya durƙusa kan wata mita bai tashi ba. Masu gidan suka same shi kife a gefen ramin, tocila na ci a hannunsa. Kafin a zo a gaya mata har an kai shi asibiti.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya karkace, magana ta ɗauke. Wannan duk ta iya ɗauka. Abin da ya kaɗa mata hanta shi ne gwajin likita. Kullum da safe likita zai tsaya a kansa, ya ce, "Baba, ɗaga hannunka. Baba, rufe idonka. In kana jina ka matse yatsana." Baba Saura ya yi zuru, idonsa na yawo daga bakin likita zuwa fanka, daga fanka zuwa bango. Ita ma ta gwada. Ta kira shi Malam, ta kira sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, har sunansa na yanka da ba ta taɓa faɗa ba ta raɗa masa a kunne. Ko gezau. Idon surukinta ne sak ya dawo mata a fuskar mijinta, tsoro ya hana ta ci, ya hana ta runtsawa.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba," in ji likita, bayan ya ja ta gefe. "Wani maganar ce kawai ba ta shiga, amma hankalinsa na nan. Wani kuma abin ya wuce nan. In mun ga alamar yana fahimta, akwai ɓangaren da ake gasa jiki ana koya wa mutum abubuwa daga farko, can za mu tura shi. In ba mu gani ba, gaskiya ba abin da za mu ƙara yi masa a nan, gadon kuma akwai masu jira."

Yayan Baba Saura, wanda kowa ke kira Yaya Babba, bai tsaya jiran wata alama ba. Ba mugu ba ne, shi dai mutum ne da ba ya son abu ya tsaya a rataye.

"Ke ma kin ga na mahaifinmu," ya ce mata. "Irinsa ne, jini ne. Na yi magana da mai mota, yau da yamma za mu ɗauke shi. Akwai ɗaki a wajena, a kwantar da shi, a yi ta addu'a."

"Yaya, a ɗan ƙara ko kwana biyu ne."

"Mu ƙara mu ga me? Ke dai ki yi haƙuri."

Ta san ɗakin. Ta san irin kwanciyar. In aka sa shi a motar nan, shi ke nan an rufe magana, ba mai sake tambayar ko akwai mutum a cikin jikin.

Da rana tsaka ɗakin marasa lafiya ya yi tsit, sai kukan fanka da tarin wani tsoho a gadon ƙarshe. Yaya Babba na kan kujera yana gyangyaɗi, an riga an ɗaure kayan Baba Saura a cikin leda an tura ƙarƙashin gado. Inna Tela ta buɗe jakarta tana neman hankici, hannunta ya ci karo da guntun allin ɗinki. Ta daɗe tana juya shi. Muddin ba ta gwada ba, tana da abin riƙewa. In ta gwada ya yi mata zurun nan, to ba ta da sauran komai. Ta yi ta maza, ta jawo tiren ƙarfen da ake kawo abinci a kai, ta kife shi a cinyarta.

Tambayar da za ta rubuta masa dole ta zama sabuwa, kada a ce hadda ce. Dole kuma ta zama ƙarama, wadda ita kanta za ta iya a ka. Ta rubuta x² + x + 1, ta ja layi, a ƙasa ta sa x + 2. Ta yi lissafinta a zuci da sauri: biyu sau biyu huɗu, da biyu shida, da ɗaya bakwai. Bakwai. Ta ɗaga tiren saitin fuskarsa, ta kusantar da gefensa ga hannunsa na hagu, mai sauran motsi.

"Malam," ta ce. "Saura nawa?"

Idon ya yi yawonsa, fanka, bango, fanka. Sai ya sauka kan tiren ya tsaya. Tun da aka kwantar da shi ba ta ga idon nan ya tsaya a kan komai ba. Can sai yatsansa ya ɗaga da ƙyar, ya sauka a kan ƙarfen. Ƙwas. Yaya Babba ya buɗe ido. Ƙwas. Ƙwas.

Ta jira na huɗu. Fanka na ta kuka. Yatsan ya kwanta.

"Ci gaba, Malam. Da saura. Don Allah ci gaba."

Ta sauke tiren, ta sake ɗagawa, ta nuna masa layin da yatsa tun daga farko. Ya sake bugawa, uku, ya tsaya.

"Jijiya ce ke harbawa," in ji Yaya Babba a hankali, cikin tausayi. "Haka mahaifinmu ya riƙa yi da bakin zane, kin manta? Kada ki wahalar da kanki."

Ba ta manta ba. Mutumin da ke ninka x sau ɗari a ka yana daga durƙushe a kan mita, yau ɗan wannan ya gagare shi. Da bai motsa ba ma da ya fi mata sauƙi. Tiren ya zame mata a cinya, hawaye ya ɗiga kusa da rubutun, ta ji a ranta ta sallama, su zo su ɗauke shi.

Hannun hagun ya motsa a kan zanen gado. Yana kife, ya mirgina a hankali, tafin ya kalli sama.

"Ruwa yake so," in ji Yaya Babba. "Miƙo kofi."

Har ta kai hannu ga kofin. Tafin ya koma ya kife, ya yi ta kokawa da nauyinsa, ya sake juyowa sama. Inna Tela ta tsaya da kofi a hannu kamar an dasa ta. Ta dubi hannun, ta dubi tiren. Alamar tarawa ce ta rubuta tsakanin x da biyu, ga ta nan ɓaro-ɓaro da allinta.

Ba ta yarda da hanyar yanke ba, ba ta yarda da kanta ba ma. Ta ajiye kofi, ta bi doguwar hanya a gefen tiren, allin na karyewa a hannunta. Ta raba, ta ninka, ta ɗebe, ta sauko da ɗaya. Ta sake rabawa, ta ninka, ta ɗebe. Tana tsoron kai wa ƙarshe kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da aka ji motsi a ciki. Abin da ya rage a ƙasan layi uku ne.

Ta ɗago. Idonsa na kanta, ba kan fanka ba, kuma ɓarin bakin nan mai rai ya ɗan ja gefe. Murmushin ne, rabinsa, wanda ta yi shekaru tana jin haushi. Ta kama hannun da ta sha alwashin ɗinkewa ta kifa fuskarta a ciki, ta fashe da kuka har tsohon gadon ƙarshe ya daina tari. Ba ta san ko zai sake magana ba, ba ta san ko zai sake taka ƙasa ba, tsoron wannan na nan bai je ko'ina ba. Amma akwai mutum a ciki.

"Nas!" ta ƙwala kira. "Nas, don Allah kira likita, ya zo ya gani da idonsa!"

Wayar Yaya Babba ta yi ƙara, mai mota ne ya iso bakin ƙofa. Yaya Babba ya miƙe yana duban ta, yana duban tiren da bai gane komai a kai ba.

"Ki tattara kayan, ga mota ta zo."

"Ka sallame shi, Yaya. Ba inda za a kai shi."

"Ikon Allah. Wai me ya faru ne? Mutumin da ba ya magana, me ya ce miki?"

Ta share fuska da bakin mayafi, hannunsa na cikin nata.

"Cewa ya yi har yanzu ban iya lissafi ba."