Hanyar da Muka Gyara a Bakin Kanal

Ni mutum ne mai saurin fushi, matata za ta ba da shaida, amma fushina ba ya kwana. Mutum ɗaya ne na yi shekaru ina jin haushinsa, wani saurayi mai tef ɗin awo a aljihu da fensir a bayan kunne, wanda ya taɓa zana wa unguwarmu hanya. Saurayin nan ni ne.

Lokacin an gama dam ɗin Bakolori, ruwa ya fara bin kanal yana ratsawa ta bayan unguwarmu a Talata Mafara. Kafin nan na yi 'yan shekaru ina riƙe wa masu awon kanal sanda da turaku, tun daga wajen Maradun har gangaren Bakura, na tsinci ɗan zane da karatun awo. Da aiki ya ƙare na dawo gida, sai mutane suka liƙa mini Injiniya. Ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba.

A kan gaɓar kanal akwai wata 'yar hanya da ƙafa ta fitar da kanta. Ta tashi daga ƙarshen unguwa, ta bi ruwa har ƙofar da ake buɗe wa gonaki ruwa, inda wata tsamiya take, sannan ta wuce maƙabarta. Da damina santsi gare ta kamar an zuba miyar kuɓewa. Bayan wani jaki ya zame da kayan albasa ya faɗa ruwa, ƙungiyar unguwa ta ce a yi gayya a gyara ta, a zuba burji, a ɗaure gefe da siminti. Aka ce ai ga Injiniya, shi zai zana.

Na tashi a gaban dattawa na yi jawabi, har yau ina jin kunyarsa. Na ce mu ba za mu yi yadda aka yi mana ba. Da aka zo aikin dam, an auna gonakin mutane, an daidaita su, an tayar da garuruwa, mutane da yawa sai gani suka yi. Mu kuwa, in ji ni, kowa sai mun tambaye shi, babba da yaro, namiji da mace. Aka yi ta cewa madalla, kaina ya ƙara girma.

Zama uku muka yi a ƙofar gidan mai unguwa, duk bayan la'asar. Na zana hanyar a babbar takarda na kafe ta a jikin wani tsohon ƙyaure. Manoman albasa suka ce a yi faɗin da jaki zai wuce da mangala ba tare da ya ture mutum ba. Masu wanki suka nemi matakala. Mata ba su zo ba, amma sun aiko wata tsohuwa mai ƙosai, ta tsaya daga nesa ta ce matakalarsu ta ɗibar ruwa a yi ta nesa da inda maza ke wanka, in ba haka ba mu riƙe kayanmu. Makiyaya suka ce a bar musu mashigi. Sai wani dattijo mai haƙa kabari ya ce abu ɗaya yake roƙo, a yi ta yadda mutum huɗu za su ɗauki makara su wuce ba ta karkace ba, don ya gaji da ganin ana jujjuya mamaci a bakin ruwa. Duk na rubuta. Ina komawa gida in gyara zane, in kawo a zama na gaba, in nuna da fensir ina cewa, ga shi nan, ku duba.

A duk zaman nan uku Malamin unguwarmu yana wurin, a kan buzunsa, kusa da mai unguwa. Makaho ne, agana ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami, amma littattafan fiƙihu a kansa suke. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a wajen Maradun, cikin waɗanda ruwan dam ya cinye. Da aka tashe su ya zo ya zauna a gidan ƙarshe na unguwarmu. Kullum bayan azahar yakan ɗauki sandarsa ya bi gaɓar kanal shi kaɗai har gindin tsamiya, manoman rani su bar ban ruwa su zo da littattafansu, suna jan baƙi yana gyara musu yana fassarawa. Ba ya yarda kowa ya ja masa sanda. In ka miƙa hannu sai ya ce maka Allah shi yi albarka, ya kauce ya wuce abinsa.

Ni da bakina nake cewa Malam ya buɗe mana da addu'a, in an gama in ce Malam ya rufe mana. Haka aka saba, kuma girmamawa ce. A zama na ƙarshe ma na ciro takardar daga ƙyaure na sa masa a hannu don ya sa albarka. Ya shafa ta da yatsunsa daga sama har ƙasa, ya ce, "Lallai takardag ga tana da santsi." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Muka shiga aiki. Akwai wani kututturen aduwa a tsakiyar hanya, muka tone shi. Akwai suri a gefen gona, muka baje shi. Akwai wani dutse da rabinsa ke binne, da ɗan kwari inda ruwan sama ke gangarawa, da wurin da rairayi ke cin ƙafa. Duk muka kawar, muka cike, muka ja igiya muka miƙe wurare biyu da hanya ta yi kwana. Ni ne mai tsayawa a kan mutane ina faɗa in na ga tudu ko da na tafin hannu ne. Muddin ana aikin, Malam a zaurensa yake ba da karatu, tunda hanya a rufe take. Ranar da muka gama, hanyar ta fito sumul tun daga unguwa har maƙabarta, tsohuwa mai ƙosai ma ta ce ba laifi.

Kwana huɗu da buɗe hanya na je gindin tsamiya na tarar da manoma zaune da littattafai a cinya, babu Malam. Na tambaya ko ba shi da lafiya. Mai haƙa kabari ne ya ja ni gefe ya gaya mini. Ya ce ranar farko Malam ya fito kamar kullum, can wani manomi ya tarar da shi a tsakiyar hanya a tsaye, ya juya yana fuskantar ruwa, taki ɗaya ya rage tsakaninsa da baki, bai yi gaba ba bai yi baya ba. Ba a san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Manomin ya juya shi ya raka shi gida, tun ranar bai sake fitowa ba.

Na same shi a zaure. Muka gaisa, gida da iyali da gajiyar aiki da zafin rana, har gaisuwa ta ƙare ban sami ta inda zan fara ba. Shi ya fara.

"Injiniya, an ce hanyarka ta yi kyau."

"Allah shi gafarta Malam, an ce ka daina zuwa tsamiya."

Sai ya bayyana mini yadda yake tafiya, abin da ban taɓa tunanin tambaya ba. Ya ce shi ba ƙirga taki yake yi ba. In ya fita, rairayi ne ke fara gaya masa ya hau gaɓa. In sanda ta bugi kututturen aduwa sai ya karkata dama kaɗan. In ya ji suri a hagu ya san ruwa ya yi nisa da shi, ya saki jiki. Dutse na gaya masa ya yi rabi, kwari na gaya masa ya kusa, daga nan ƙarar ƙofar ruwa ta karɓe shi. "Yanzu kuwa," in ji shi, "duk inda na sa sanda, magana ɗaya taka gaya mini. Ban san inda nike ba, ban san inda ruwa yake ba."

Maimakon in ji kunya, sai fushina ya taso, irin na wanda ya san ba shi da gaskiya. Na ce, "Haba Malam, zama uku muka yi, kana wurin. Har mai ƙosai ta yi magana. Me ya hana ka faɗa?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, kac ce in buɗe da addu'a, na buɗe. Kac ce in rufe, na rufe. Tsakani kuwa, ina jin ka kana ta cewa ga shi nan, ku duba. Na ɗauka santsi za a gyara. Wa zai ce mutum na da aiki da kututture?"

Ya ci gaba, kamar yana ba da labarin wani. Ya ce hanyoyin garinsu tun yana yaro ya san su, har ruwa ya zo ya rufe su. Da ya dawo nan, damina biyu ya yi yana koyon wannan, ya faɗi ba sau ɗaya ba, ya kuje gwiwa, bai gaya wa kowa ba, don kada a haɗa shi da ɗan jagora. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne babu zargi ko kaɗan a muryarsa.

Na fita da niyyar gyara ɓarnata. Kwana uku na yi ina ɗauko duwatsu daga bakin gonaki, na jera su a gefen da ba ruwa, manya da ƙanana, don sanda ta sami abin bugu. Na kafa turke inda nake zaton aduwa take. Zato ne kawai, don ni da na tone ta ban iya tuna ainihin wurinta ba, kuma babu ita a zanena. Mutane suna wucewa suna cewa Injiniya ya koma yi wa hanya kwalliya.

Na je na roƙe shi ya gwada. Ya yarda, na san don ni ya yarda. Muka fito bayan azahar, yana gaba ina baya. Yana buga dutse, ya tsaya, ya saurara, ya ƙara taki. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Da muka kai wajen turken ya shafa shi, ya ce ba nan take ba, ta fi nan gaba. Ya ƙara 'yan taki ya tsaya cik. Sai ya juyo wajena, ya ɗaga sandar, ya miƙo mini ƙarshenta.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kama, na wuce gaba, muka tafi a haka ina ja yana bi, har gindin tsamiya. Manoma suka gan mu tun daga nesa, kowa ya sunkuyar da kai a kan littafinsa. Ya zauna ya ba da karatu kamar ba abin da ya faru. Da na mayar da shi ƙofar gida ya karɓi sandarsa ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Amma kaina ya tsufa da koyon hanya ta uku." Na ce zan riƙa zuwa kullum in kai shi. Ya ce a'a, ina da iyali da zan nema wa abinci, shi kuma bai saba ba.

Karatu ya koma zaure. Amma manomin da ke jiran a buɗe masa ruwa ba ya iya barin gona ya shigo gari, don haka masu zuwa suka yi ta raguwa har suka koma mutum uku. Malam kuwa daga zaure sai masallacin da ke jikin gidansa. Jikinsa ya yi nauyi, ƙafafunsa suka fara kumburi. Nakan je gaishe shi, ya tambaye ni ko tsamiya ta yi 'ya'ya bana.

Na zauna a taruka da yawa bayan wannan, na rijiya, na kasuwa, na makaranta. Har yanzu in na ji an ce malam ya buɗe da addu'a sai in bi shi da kallo, in ga ko akwai wanda zai sake waiwayarsa kafin a tashi. Sau da yawa babu. Nakan katse taro in tambaye shi, har ana cewa tsohon nan ya cika fitina. Su faɗa, ba su san abin da na sani ba.

Damina biyu bayan buɗe hanyar Malam ya rasu, da hantsi. Aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida, muka ɗauko shi muka hau gaɓar kanal. Ina riƙe da ƙafar makara ta gefen gona, ƙafata tana ta tuntuɓe da duwatsun da na jera. Mutum huɗu muke, biyu gaba biyu baya, makara ba ta karkace ko sau ɗaya ba. Muka wuce turken, muka wuce ƙofar ruwa, muka wuce tsamiya. Mai haƙa kabari yana tafe kusa da ni, ya matso ya ce a hankali, da zuciya ɗaya, "Injiniya, ka ga faɗin ya yi daidai."

Har muka kai maƙabarta ban bari kowa ya karɓe ni ba.