Saje Almustapha da Lambar da Aka Yi wa Dariya a Anka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Saje Almustapha Ɗantani na Nasarawar Burkullu a gadon asibiti a Gummi. Harsashin 'yan bindiga ne ya fasa masa cinya a bakin gulbi ranar Lahadin da ta gabata. Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da sanyin zuciya kamar yadda ya dace a yi wa mamaci, amma zuciyar ta ƙi sanyi. Wanda ya ji ɗaci a maganata ya yi haƙuri, ɗacin yana nan.

Saje, ni ne Zayyanu, kurtunka, wanda ba ka taɓa kira da sunansa ba sai dai ka ce Ɗan Gummi. A Saliyo na san ka, lokacin da aka tura mu aikin kwantar da tarzoma. Ina sabon soja, ko takalmina bai saba da ƙafata ba. 'Yan tawaye suka yi mana kwanton ɓauna a bakin wata gada, aka harbe ni a ƙugu, na faɗi cikin laka. Aka ba da umarnin ja da baya, kowa ya ja. Kai ka dawo. Ka saɓa ni a baya kana kutsawa cikin fadama, harsashi na yankar ciyawa a gefenmu, ni kuwa ina ta kalmar shahada. Ka daka mini tsawa, ka ce, "Ɗan Gummi, ka yi shahadarka amma kar ka mutu bisa bayana. Mi zan hwaɗa ma innarka?" Da ka aje ni, ka koma ka ɗauko Bature, wani ɗan Jos da aka harba a wuya. Shi bai yi rai ba, amma ba a bar gawarsa a hannun abokan gaba ba.

A kan wannan aka ba ka lambar yabo. Ina nan a filin fareti da sandar dogarawa. Sai da kwamanda ya karanta abin da ka yi tun daga farko, a gaban mutanen da suka gani da idonsu, sannan ya maƙala maka ita a ƙirji. Babu wanda ya tambayi ɗan wane ne kai, ko wa ya tsaya maka. A wancan zamani idan mai irin wannan lamba ya shigo wurin cin abinci, mutane kan saki cokali su miƙe. Ba ƙarfen suke miƙe wa ba, sun san abin da aka biya kafin a same shi.

Da ka aje aiki ka koma gida ka kama noman dawa da gero, ka jefa lambar a ƙasan akwati. Ba ka taɓa sa ta zuwa biki ko sallar idi ba. Amma halin da ya sa aka ba ka ita bai shiga akwatin ba. Shekarar da gubar dalma ta riƙa kashe yara a garuruwan masu haƙar zinari, babur ɗinka ya zama motar asibiti. Kana ɗaukar uwa da ɗanta mai jijjiga zuwa Anka, ka dawo ka ɗauki wata, ba ka ko san sunayensu ba. Sannan ranar kasuwar da wasu samari 'yan sa-kai suka kama Sahura, wata Bafulatana mai tallar nono, suna cewa ita ke kai wa ɓarayin daji labari. Sun riga sun fasa ƙwaryarta, sun ɗaure mata hannu. Ka ratsa taron ka tsaya a gabanta, ka ce, "Wa ag ga ta ta yi? Shi hito shi rantse." Babu wanda ya fito. Ka kwance ta, ka raka ta har rugarsu da ƙafa. Wasu sun daina gaishe ka saboda wannan, ka ce gaisuwarsu ba ta ƙara maka damin dawa.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni barci tun da ka tafi.

Farkon daminar bana ka kira ni ka ce in same ka a Anka. Wata ƙungiya mai dogon suna, wadda ba zan ɓata takarda da sunanta ba, ta shirya taron karrama waɗanda ta kira jaruman tsaro. Ka ji cewa manyan jami'ai za su halarta. Buƙatarka ɗaya ce: a aje jami'an tsaro a mashigin gulbi lokacin girbi, domin nan ne kaɗai mafita idan an kawo hari, kuma kwale-kwale ɗaya gare ku. Da na gan ka sai na ga lambar a ƙirjin farar rigarka. Na yi mamaki. Ka ɗan yi murmushin kunya ka ce, "Wataƙila ta buɗe muna ƙofa."

A bakin ƙofa wani mai baƙar kwat ya tare mu ya nemi katin gayyata. Ka ce ba ka da kati, tsohon soja ne kai, ka nuna masa lambar. Ya sa yatsa ya ɗaga ta, ya juya ta, ya yi dariya. Ya ce, "Baba, ina ka sayo wannan? Ai irinta kwali guda muka kawo, yanzu za a raba a ciki. Taka ma duk ta dushe."

Wallahi da ba ka riƙe mini hannu ba, da na mari mutumin nan. Muka koma gefe muka tsaya a rana har la'asar, muna jin lasifika tana kiran sunaye. An kira wani dillalin zinari da iyalinsa ba su kwana a jihar nan ba tun da aka fara tashin hankali. An kira wani ɗan kwangilar taki. An kira wani yaron ɗan siyasa da ya sa hula mai dabbare-dabbare irin ta soja, aka ce masa garkuwan talakawa. Kowanne aka rataya masa lamba mai walƙiya, maroƙa na kirari, ana ɗaukar hoto. Da aka tashi, motocin suka wuce mu da jiniya, gilashi a rufe. Ba ka samu ganin ko jami'i ɗaya ba. Ka zare lambar ka sa a aljihu, ka ce, "Ɗan Gummi, bar ganin laihin wancan mai kwat. Abin da ya saba gani ya hwaɗi."

Ni ban bar ganin laifinsa ba, amma gaskiya ka faɗa. A ina zai koyi bambanci? Ya tashi ya ga ana buga lamba kamar yadda ake buga kalandar siyasa. Ya ga duk mai babbar riga yana da ita a falonsa. Kuma ba farar hula kaɗai nake zargi ba, har gidanmu na soja. Na ga ƙirjin da ya cika da lambobi har ba wurin sa allura, mai shi kuwa ban san ranar da ya kwana a rami ba. Na kuma ga yaran da ake turawa dazukan nan namu, sa'o'in 'ya'yanmu, ana dawo da su a lulluɓe a bayan mota, babu mai karanta abin da suka yi a gaban kowa. Idan aka ba wanda ya gudu lamba iri ɗaya da wanda ya tsaya, ba a ɗaukaka wanda ya gudu ba, an ci mutuncin wanda ya tsaya ne. Masu rabawa ne suka kashe darajarta, kuma sun san abin da suke yi.

Girbi ya zo, ba a aje kowa a mashigin ba. Ranar Lahadi da hantsi mutane suna gona aka ji ƙugin babura daga yamma. Mata da yara suka kwasa zuwa gulbi, kowa na son faɗawa cikin kwale-kwalen nan guda. Waɗanda suke wurin sun ba ni labari cewa kai ka tsaya a bakin ruwa da tsawarka ta fareti, ka hana a cika shi, ka ce da ya kife gara a yi sawu-sawu. Daga nan ka karɓi bindigar wani maharbi, ka kwanta bayan wani tudu kai da mutum biyu, kuna harbi kuna sauya wuri don a zaci kuna da yawa. Kwale-kwalen ya yi ta kai da komo har aka kwashe kowa. A sawun ƙarshe harsashi ya same ka.

Na iske ka a asibiti jini ya riga ya zuba da yawa. Ka buɗe ido ka ce, "An ƙetare da kowa?" Na ce kowa. Ka ce, "Har tsohuwar nan makauniya?" Na ce har ita. Ka ce, "To, alhamdu lillahi. A ba ni ruwa." Ban ƙara jin wata magana daga bakinka ba sai salati.

Ranar addu'ar uku sai ga mutanen ƙungiyar nan sun iso, da motoci, da masu ɗaukar hoto, da motar rakiya cike da masu bindiga. Sun ji labari a rediyo. Sun kawo lamba a cikin ɗan akwati mai jan ƙyalle, za su rataya wa Bello, babban ɗanka, a madadinka. Shugabansu ya fara jawabi yana kuskuren sunanka. Sai muka ji muryar matarka Habsu daga bayan labulen zaure, ita da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bello, kar ka miƙa wuyanka. Bayin Allah, ku koma da abinku. Sa'ad da ya zo ƙoharku da ransa, ba ku buɗe mai ba. In kuna da abin ba mu, ku bar muna motar ga ta masu bindiga ta tsaya bakin gulbi har a gama girbi."

Shugaban ya ce za a duba. Suka rufe akwatinsu, suka shiga mota, motar rakiyar ta bi bayansu. Ko fatiha ba su tsaya an shafa ba.

Saje, ba ka yi don a gani ba, kuma Wanda ka yi dominSa ba Ya rikita suna. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya karɓi jininka a matsayin shahada. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Waɗanda suka harbe ka, da waɗanda aka roƙa suka toshe kunne, Allah Ya isa tsakaninmu da su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habsu, da Bello, da Asma, da Shafi'u, da jikokinka, da jama'ar Nasarawar Burkullu, da tsofaffin sojojin da muka rage a Gummi da Bukkuyum da Anka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya tsare bayanka.

Dawarka tana tsaye a gona ba a yanke ba. Mun yi magana da Bello, ranar Asabar za mu shiga, ko da rakiya ko babu. Allah Ya sa mu dawo lafiya, in kuma kwana ya ƙare, Ya haɗa mu da kai a Aljanna.

Zayyanu, tsohon kofur, Gummi.