Ranar da Goggo ta zagi mai ɗaukar hoto

A hutun da ya biyo bayan roron gyaɗa na zo gida Kwaya daga Magarya, inda nake koyar da tarihi a kwalej. Na taho da kwamfutata, a cikinta akwai wani fim da aka fassara da Hausa, kan kisan kiyashin da aka yi a ƙasar Ruwanda. Niyyata in sake kallonsa a natse kafin in nuna wa ɗalibai.

Natsuwa kuwa ba a samunta a gidanmu. Bayan azahar na zauna a rumfa na buɗe na'urar, sai yayana ya leƙo.

"Mushe," haka yake kirana tun da na zama malamin makaranta, "fim ne? Akwai faɗa?"

Na ce akwai, amma ba irin wanda yake nufi ba. Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya tafi hura gawayin shayi. Kafin ruwan ya tafasa rumfa ta cika. Matarsa ta jawo ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa, maƙwabciyarmu ta shigo da tata, Goggo kuma, yayar mahaifinmu, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma gaba da kowa, saboda idonta.

Na gyara murya kamar ina cikin aji na fara bayanin inda ƙasar take. Yaya ya ce, "Ba lakwal muke ba. Danna."

Da farko kowa ya sami abin da ya burge shi. Matar Yaya ta ga tuddai shar da ayaba ta ce waɗannan mutane Allah ya ba su damina. Shi kuwa Yaya jarumi yake nema. Wani dogo mai farar riga ya fito, Yaya ya nuna shi da kofin shayi.

"Ga shi nan. Ku bar ganinsa shiru-shiru, zai yi ɓarna."

Ba a jima ba aka kashe mai farar riga. Yaya ya ce dabara ce, zai tashi. Bai tashi ba. Ya koma kan wani mai gemu, shi ma aka tare shi a shingen hanya. Yaya ya aje kofi.

"Wai wa ya shirya wannan fim? Ana ta kashe mutane babu mai ramawa!"

Can sai aka nuno wata mata ta ɓuya cikin ciyawa da jaririnta, masu adduna suna bi ta gefenta. Nan Goggo ta miƙe a kan gwiwa.

"Toshe masa baki! Ba shi nono, 'yar nan, ba shi nono!"

Da aka gano matar, Goggo ta saki salati, ta ce in tsayar. Hawaye na bin fuskarta, amma faɗa ne a bakinta.

"Shi wannan mai ɗaukar hoton, ɗan wace uwa ne? Yana tsaye da ƙarfinsa ana yanka baiwar Allah, shi hoto ya dame shi? Allah ya isa!"

Yaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Goggo, wasa ne fa. Jinin nan zoɓo ne. Ana gamawa za su tashi su karkaɗe riga su ci abinci tare."

"Da mai addar?"

"Kwano ɗaya ma."

Ta dube ni, na ce haka ne. Ta share ido da bakin zane, ta ja tsaki, ta ɗebi gyaɗa ta watsa a baki. "'Yan banza. Sun sa na zubar da hawayena a kan zoɓo."

Ni kuma bakin malami ba ya iya shiru. Na ce, "Amma Goggo, abin ya faru."

"Yanzu ka ce wasa ne."

"Waɗannan wasa suke. Abin da suke kwaikwayo ne ya faru."

"To, sun mutu ko ba su mutu ba?"

"Waɗannan ba su mutu ba. Waɗancan sun mutu."

"Su wa waɗancan? Ni mutum nawa na gani?"

Na sha wuya kafin ta gane. Ta tambaya ko zamanin Fir'auna ne. Na ce a'a, lokacin ni ina rarrafe, ita tana gidan nan. Ta tambaya ko baƙi ne suka zo musu da yaƙi. Na ce maƙwabta ne, masu ɗebo wuta a gidajen juna. Goggo ta juya a hankali ta dubi maƙwabciyarmu, wadda suka shekara suna rigima kan akuya mai shiga rumbu.

"Me kike kallona?" in ji maƙwabciya. "Ni ko kaza sai an yanka mini."

Aka yi dariya, ban da Goggo. Ta mayar da gyaɗar hannunta cikin ƙwarya, ta ce a kawar da shayi, ba a kallon mutuwar mutane ana kurɓa. Haka muka ƙarasa fim ɗin kamar masu zaman makoki. Da ya ƙare Yaya ya matso ya tambaye ni a hankali ko akwai na biyu, inda ake ramawa. Na ce babu. Ya ce shi dai an cuce shi.

Washegari da safe ƙamshin masa ya tashe ni. Goggo ce ta soya faranti guda, ta ce in ɗauka in raka ta ƙofar liman. Liman ya tambaya sadakar wa ce.

"Ta mutanen cikin na'urar yaron nan," in ji ta. "Amma ba su ba. Waɗancan."

Liman ya dube ni yana neman ƙarin bayani. Na buɗe baki, Goggo ta ɗaga mini hannu.

"Kar ka soma. Malam, kai dai yi addu'a, Allah ya san su."

Liman ya ɗaga hannuwa, muka shafa, yaran unguwa suka cinye masar tun da zafinta.