Telan da Ya Auna Dogayen Bauchi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bulus Gajere, kuma na san in na ba ku labarinsa za ku ce Sani mai yadi ya fara zuba. To ku ce. Wanda bai yarda ba ya tari keke ya je Tirwun, gani ya kori ji. Mutumin da in ya tsaya bayan teburin yankansa sai ka leƙa kafin ka san yana shago, shi ne ya fi kowa haukan ƙwallon kwando a garin nan.

Shagonsa na jikin nawa a bakin Kasuwar Muda Lawal, ni in sayar da yadi, shi ya ɗinka. Duk dogon da ya kawo masa ɗinki ya shiga uku. Bulus zai hau benci ya auna kafaɗa, ya auna hannu, sai ya ce, "Ɗaga hannunka sama, yallaɓai." Ya ja tef daga ƙasa har kan yatsa. Wani Bafulatani ya taɓa tambayarsa ko rigar har can za ta kai. Bulus ya ce, "An gama da riga, yanzu kai nake aunawa. Kana da ɗa namiji?"

Maganarsa kullum ɗaya ce: wata rana babbar ƙungiya, irin wadda 'yan wasanta ke cin albashi, za ta kwashe kayanta daga babban birni ta dawo Bauchi, kuma garin zai riƙe ta. Ni kuwa aikina in ƙaryata shi. In ce Bauchi garin ƙwallon ƙafa ne. In ce mutanenmu ba sa biyan kuɗin ƙofa, ranar wasa kowa kawun mai gadi ne. Sai ya ciji zare ya ce a babban birni ƙungiya baƙuwa ce, ba wanda ya san ta kwana ko ta tashi, amma a nan 'yar gida za ta zama, in ɗan wasa ya yi zazzaɓi har unguwa sai ta je dubiya.

Da ya sayi fili a Tirwun, lokacin duk gonaki ne, mun ɗauka gida zai gina. Sai bawan Allah ya malale shi da siminti, ya kafa ƙarafa biyu da kwanduna. Matarsa, Maman Rifkatu, ta ci gaba da zaman haya a ɗaki biyu. Asabar ɗin farko 'yan kallo uku ne: ni, da mai gonar gefe, da wata akuya. Daga ranar ban bar shi ya sha ruwa ba. Kowace Litinin kafin ya buɗe shago zan ce, "Gajere, akuyar ta dawo kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Kowa ya rena gajere bai taka kunama ba."

Yanzu ga shi ana ta raɗe-raɗin wai wata ƙungiya na neman garin da za ta koma, har an ambaci Bauchi. Ko gaskiya ne ko zancen teburin mai shayi, ban sani ba. Amma na ji masu musu suna maimaita maganganuna na da, kalma da kalma, sai na ji ba daɗi a bakin wani. Da Bulus na nan da tuni ya rufe shago, ya rataya tef a wuya, ya tafi tasha jiran su.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan damuna. Gidaje sun zagaye filin nan, matarsa kuwa har yau tana haya, ƙafa ta fara ciwo. Na je na same ta na ce a fasa simintin a yi mata ɗaki ta huta, mai filin ya riga ya tafi. Ta ce in zo ranar Asabar bayan la'asar, in nuna mata inda za a fara sa diga.

Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce tun da aka binne shi ban sake taka wurin ba. Mutumin da za ka tsokana ba ya nan, me za ka je yi?

Tun daga kan kwana na ji ihu. Masu keke sun jera sun kashe inji, mutane a kan katangu kamar an shanya su, mai awara da mai kunun aya sun rasa hannun sallamar masu saye. Limamin unguwar da wani dattijon coci suna benci ɗaya suna gardamar wa ya ture wa. Rifkatu ce ke alƙalanci, usur a baki, tef ɗin babanta a wuya. Wani zanƙalelen saurayi ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando, aka ce min ɗan Bafulatanin nan ne. Na ce ƙura ce ta shiga idona, alhali an yi ruwa da safe.

Ban ce Bauchi za ta iya riƙe babbar ƙungiya ba, tafi ba ya biyan albashi. Amma abin da na rantse babu, na gan shi da idona. Bulus bai bar gida ba, ya bar wurin da gari ke zuwa da ƙafarsa ba tare da an kira shi ba. Allah ya ba shi hutawa. Maganar diga kuwa na haɗiye ta, ɗaki kuma za mu nema mata a wani wurin.

Ƙafata ta gaji da tsayuwa, na hango Maman Rifkatu a inuwa na ce, "Matarmu, ba kujerar manyan baƙi ne?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Kujera, Malam Sani? Ai akuya kaɗai ka ce za ta zo. Je ka ce ta matsa maka."